Daisuki da Takwarorinta: Yadda Labaran Zane na 'Yan Matan Japan Suka Shiga Harshen Jamusanci

A farkon shekarar 2003 wata sabuwar mujalla ta bayyana a rumfunan sayar da jaridu na ƙasar Jamus, har da na maƙwabtanta masu magana da Jamusanci, wato Ostiriya da wani yanki na Suwizalan. Sunanta Daisuki. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta kuwa "ina matuƙar so". Mujallar tana da kauri, shafinta ya haura 200, kuma labaran da ke cikinta daga hannun dama ake fara karanta su a nufi hagu, kamar yadda almajiri ke buɗe littafin Larabci ko na ajami. Ga Bajamushen da bai saba ba, wannan tamkar fara littafi ne daga ƙarshensa. Kamfanin Carlsen na birnin Hamburg ne ya fitar da ita, kuma bai ɓoye waɗanda ya nufa da ita ba: 'yan mata masu tasowa. Ta rayu shekara tara da 'yan watanni, kuma a cikin ire-irenta da aka gwada a Jamusanci babu wadda ta kai ta tsawon rai.

Kafin a fahimci abin da Carlsen ya yi ƙoƙarin dasawa, sai an leƙa gonar da aka ciro irin. A Japan ana kiran labaran zane da sunan manga, kuma masu ɗab'i sun daɗe da rarraba su bisa ga jinsi da shekarun mai karatu. Wanda aka yi domin yara maza shi ne shonen, na 'yan mata kuma shojo. Tushen na 'yan matan ya girmi manga irin ta yau, domin tun a 1902 aka kafa mujallar Shojo-kai, sannan Shojo no Tomo ta biyo baya a 1908, dukkansu cike da gajerun labarai da hotuna da wasiƙun masu karatu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne zane ya mamaye shafukan. Kamfanin Kodansha ya kafa Nakayoshi a 1954, Shueisha ya kafa Ribon a 1955, Hakusensha kuma ya zo da Hana to Yume a 1974 da LaLa a 1976. Da farko maza ne suka fi yin zanen, cikinsu har da Osamu Tezuka. A shekarun 1970 sai mata irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya da Riyoko Ikeda suka karɓi ragama, suka sauya fasalin shafi baki ɗaya. Suka rushe layukan da ke killace hotuna, suka bar tunanin zuci yana yawo a sarari ba tare da an kewaye shi ba, suka mai da ido da fure da farin fili wani harshe na bayyana abin da baki ya kasa furtawa.

Akwai wani abin mamaki a nan da bai kamata a wuce shi ba. Waɗannan mata sun riga sun yi mafarkin Jamus tun kafin Jamus ta san da su. Labarin Hagio na 1974 mai suna Toma no Shinzo, wato Zuciyar Thomas, a wata makarantar kwana ta yara maza a Jamus aka kafa shi. Ikeda ma, bayan ta yi suna da labarinta na fadar Versailles ta Faransa, ta buɗe wani dogon labari a 1975 a wata makarantar kiɗa da ke birnin Regensburg. Turai a idon 'yar makarantar Tokyo wuri ne mai nisa da ake iya ɗora masa duk wani buri. Bayan shekara talatin sai al'amarin ya juya, 'yar makarantar Hamburg ta koma tana mafarkin Tokyo.

Yadda mujallar take aiki a Japan shi ne ginshiƙin wannan tarihi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ana buga ta a takarda mai araha, a tara labarai da yawa a cikinta, kowane labari babi guda, a sayar da ita a farashin da kuɗin kashewar yarinya zai iya kaiwa. Sau da yawa ana haɗa ta da 'yar kyauta, kamar takardun wasiƙa ko ƙaramar jaka. A cikinta akwai katin tambayoyi da mai karatu ke cikewa ta aika, ta faɗi labarin da ya fi burge ta. Da wannan kati editoci ke yanke hukunci: labarin da ya samu karɓuwa a tsawaita shi, wanda bai samu ba a taƙaita shi. Idan babobi suka taru, sai a haɗa su a ƙaramin littafi mai takarda mai kyau, kuma a nan ne galibin riba take. Ashe mujallar wurin gwaji ce, kuma dandalin talla. A tsakiyar shekarun 1990 Ribon kaɗai tana buga kwafi sama da miliyan 2 a kowane wata.

Jamus kuwa ƙasa ce da ta daɗe tana yi wa labaran zane kallon hadarin kaji. A shekarun 1950 malamai da limaman coci da iyaye sun yi gangami a kan abin da suka kira ƙazamin adabi, aka kafa hukumar tarayya mai tace rubuce-rubucen da ake ganin suna ɓata tarbiyyar matasa a 1954, kuma labaran zane na daga cikin abin da ta fara sa wa ido. Abin da ya tsira da mutuncinsa shi ne na yara ƙanana, irin su Micky Maus da kamfanin Ehapa ya fara bugawa a 1951, da Fix und Foxi na Rolf Kauka, sai kuma manyan littattafan Faransa da Beljiyam masu launi, waɗanda galibin masu sayensu maza ne. Yarinya fa? An ba ta Wendy, mujallar dawakai da aka fara a 1986, da 'yan labaran soyayya na hotunan kyamara a mujallun matasa irin su Bravo. Masu ɗab'i sun ɗauka cewa da zarar yarinya ta wuce shekarun son doki, ta gama da zane ke nan. Shagon labaran zane ma, inda ake samunsa, wuri ne da mace ba ta cika shiga ba.

Talabijin ne ya fasa wannan zato. Jamusawa sun daɗe suna kallon zanen Japan mai motsi ba tare da sun lura da asalinsa ba, domin Heidi da Biene Maja da aka nuna a shekarun 1970 duk a Japan aka zana su, sai dai labaransu na Turai ne. A Oktoban 1995 tashar ZDF ta fara nuna Sailor Moon, labarin Naoko Takeuchi na 'yar makaranta mai son barci da kuka wadda aka ɗora wa nauyin kare duniya tare da ƙawayenta. A ZDF bai yi wani tashe ba. Amma da tashar RTL II ta ɗauke shi a 1997 tana nuna shi a ranakun mako bayan an tashi daga makaranta, sai ya zama ruwan dare. An sauya sunan jarumar daga Usagi zuwa Bunny, amma ba a iya ɓoye kayan makarantarta da wuraren ibadar Shinto da rubutun da ke jikin allunan titi ba. A karon farko dubban yara mata suka san cewa abin da suke ƙauna daga Japan ya fito.

Kamfanin Egmont Ehapa bai yi sanya ba. A 1998 ya fara fitar da mujallar Sailor Moon mai launi, wadda aka haɗa da hotunan da aka ciro daga shirin talabijin, sannan ya buga ainihin littattafan Takeuchi a ƙarƙashin tambarin Feest. Ana iya cewa wannan ce mujallar farko da ta kai zanen 'yan matan Japan rumfar jarida a Jamus, ko da yake labari ɗaya tak ta ƙunsa, kuma siffarta ta fi kama da Micky Maus fiye da Nakayoshi.

A daidai wannan lokaci Carlsen yana wani gwaji na daban. Kamfanin ya buga Akira tun 1991, amma a manyan littattafai masu launi da tsada, an kuma juya hotunan kamar a madubi domin a karanta daga hagu. A 1997 da ya zo buga Dragon Ball, sai aka bar shi yadda yake a Japan: ƙaramin littafi, baƙi da fari, daga dama zuwa hagu, a kan kuɗin da bai cika mak 10 ba. Yara ba su sha wata wahala ba. Hasali ma juyin ya zame musu abin alfahari, wani sirri da iyaye ba su iya ba. Daga nan kasuwar ta buɗe, shagunan littattafai na gari suka ware wa manga kanta guda, kuma 'yan mata, waɗanda da ma sun saba da shagon littattafai, suka yi tururuwa.

Da littattafai suka karɓu, sai masu ɗab'i suka yi sha'awar kwaikwayon ɗaya rabin tsarin na Japan, wato mujalla mai tara labarai. Carlsen ya fara da Banzai! a Nuwamban 2001, ta yara maza, da izinin Shueisha. Egmont ya farfaɗo da Manga Power a 2002, wadda ya taɓa gwadawa a 1996 ba ta je ko'ina ba. A cikinta an gauraya labaran maza da na mata, ciki har da Peach Girl na Miwa Ueda. A 2003 kamfanin ya ƙara da Manga Twister, wadda aka yi wa wata dabara: an raba ta gida biyu, sashe na maza, sashe na mata, a cikin bango ɗaya, da labarai daga kamfanin Shogakukan irin su Alice 19th na Yuu Watase. A ganina dabarar ta fi kyau a teburin edita fiye da a aljihun mai saye, domin duk wanda ya biya kuɗinta ya san akwai rabin da ba dominsa aka yi ba. Manga Power ta tsaya a 2004, Banzai! a ƙarshen 2005 bayan Shueisha bai sabunta izini ba, Manga Twister kuma a 2006.

Daisuki ce ta rage. Ƙarfinta ya samo asali ne daga ƙawancen da aka ƙulla da Hakusensha, mai Hana to Yume da LaLa, waɗanda labaransu suka fi na Ribon da Nakayoshi dacewa da 'yan mata da suka ɗan tasa. Babban ginshiƙinta a shekarun farko shi ne Fruits Basket na Natsuki Takaya, labarin marainiya Tohru Honda da ta samu mafaka a gidan dangin Soma, waɗanda wata la'ana ke mai da wasunsu dabbobin taurarin Sin idan wani jinsi ya rungume su. Daga waje abin dariya ne. Daga ciki kuwa labari ne na iyayen da suka ƙi 'ya'yansu, da zaluncin da ake yi a bayan katangar gida da sunan zumunci, da yadda yaro ke koyon yarda cewa ya cancanci a so shi. Yarinyar da aka saba ba wa labarin doki ba ta taɓa cin karo da irin wannan a cikin zane ba. Ga kuma Skip Beat! na Yoshiki Nakamura, inda jarumar ta shiga harkar wasan kwaikwayo don ta rama wulaƙancin da saurayinta ya yi mata, ba don ta faranta masa ba. Daga baya aka kawo Alice Academy na Tachibana Higuchi, da Vampire Knight na Matsuri Hino, da Maid-sama na Hiro Fujiwara.

Mujallar ba ta tsaya ga labarai kawai ba. Akwai darasin Japananci a cikinta, da bayanai kan rayuwa da al'adun Japan, da shafin wasiƙu da zane-zanen masu karatu. Wannan sashe, ko da yake shafukansa kaɗan ne, shi ne ya mai da masu saye suka zama jama'a guda. Yarinyar da ke wani ƙaramin gari, wadda babu kowa a ajinsu da ya san abin da take karantawa, sai ta ga zanen wata irinta daga ɗaya ƙarshen ƙasar.

Ga mai nazarin harshe, aikin fassarar shi ne wuri mafi daɗin tsayawa. Japananci yana auna kusanci da ɗan ƙarin da ake liƙa wa suna: san na girmamawa ne na yau da kullum, kun galibi ga yaro namiji, chan ga ƙarami ko abin ƙauna, senpai kuma ga wanda ya riga ka shiga makaranta. A labarin soyayya na 'yan makaranta, ranar da saurayi ya daina kiran yarinya da sunan danginsu ya kira ta da sunanta na yanka rana ce babba, ana iya gina babi guda a kanta. Jamusanci yana da nasa ma'aunin, du na sabo da Sie na girmamawa, amma 'yan aji ɗaya a Jamus du suke ce wa juna tun ranar farko, saboda haka ma'aunin bai da amfani a inda aka fi buƙatarsa. Mafitar da ta yaɗu a fassarar manga ta wancan zamani ita ce a bar ƙarin na Japananci yadda yake, a yi bayani a gefe. Haka chan da senpai suka shiga bakin matasan Jamus. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi da ya san nauyin da ke tsakanin kiran mutum da sunansa da sakaya shi da Yaya ko Malam. Sai kuma kalmomin kwaikwayon sauti, waɗanda a manga ake zana su a cikin hoton kansa, har da na abin da ba shi da sauti kamar shiru ko bugun zuciya. Mai fassara ko dai ya goge ya sake zanawa, ko ya rubuta ɗan ƙaramin Jamusanci a kusa. Fruits Basket ma ya zo da tasa sarƙaƙiyar: ɗaya daga cikin yaran, Momiji, mahaifiyarsa Bajamushiya ce, kuma yakan jefa kalmomin Jamusanci a maganarsa don a ji baƙuncinsa. Idan kowa a shafin ya koma Jamusanci, baƙuncin ya narke.

Abu mafi ɗorewa da Daisuki ta yi, a nawa hukuncin, shi ne buɗe shafukanta ga masu zane na gida. Carlsen ya riga ya buga Dragic Master na Robert Labs a 2001, amma a Daisuki ne 'yan mata suka samu ƙofa. Christina Plaka, haifaffiyar Offenbach mai asalin Girka, tana da shekara kusan 20 aka fara buga labarinta Prussian Blue a 2003, kan wasu matasa makaɗa. Daga baya ta ci gaba da shi da sunan Yonen Buzz a kamfanin Tokyopop, ta kuma je Kyoto ta yi karatun manga. Judith Park, 'yar Duisburg mai iyaye 'yan Koriya, ta fito da Dystopia da Y Square. Nina Werner ta zo da Jibun-Jishin. An soki waɗannan ayyuka da cewa kwaikwayo ne, sunayen jarumai na Japan, makarantun ma na Japan, kuma sukar ba ta rasa gaskiya ba. Amma wa ya taɓa koyon sana'a ba da kwaikwayo ba? Abin lura shi ne, a ƙasar da zanen labari ya kasance kusan sana'ar maza zalla, cikin 'yan shekaru sai ga rukunin matasa masu zane da mata suka fi yawa a cikinsa, wasunsu kuma 'ya'yan baƙin haure ne.

To, me ya kashe ta? Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan yana cikin tsarin tun ran gini. A Japan mujalla ce wurin da labari ke haihuwa, mai karatu kuma tana da hannu a makomarsa. A Jamus labaran sun riga sun fito, wasu ma sun yi nisa, don haka ra'ayin mai karatu ba zai sauya ko layi ɗaya ba. Mujallar ta ɗauki siffar wurin gwaji ba tare da aikinsa ba. Sannan ga matsalar sauri. Hana to Yume sau biyu take fitowa a wata, Daisuki sau ɗaya, ga shi Fruits Basket ya kai littafi 23. Tun da littattafan da ake tarawa ba za su wuce gaban mujallar ba, labarin da ke cikin Daisuki ya fi wanda ake bugawa kai tsaye a littafi jinkirin isa hannun mai karatu. Abin da aka yi don ya zama gata sai ya koma tarnaƙi. Wadda ke son labari biyu daga cikin biyar ko shida tana biyan kuɗin dukkansu, ta kuma sake biya idan littafin ya fito. A Japan araha da yawan bugu ne ke rufe wannan ɓaraka, a ƙasashen Jamusanci kuwa kasuwar ba ta kai girman da za a sayar da mujalla da arhar da za a karanta a jefar ba. Rumfar jarida ma tana mayar wa kamfani duk kwafin da bai shiga ba.

Intanet ta zo ta ƙarasa. Ƙungiyoyin masoya suna ɗaukar hoton sabon babi kwanaki kaɗan bayan fitowarsa a Japan, su fassara shi zuwa Ingilishi ko Jamusanci, su watsa kyauta ba da izini ba. Wadda ta iya ɗan Ingilishin makaranta ba ta da dalilin jiran shekara biyu. Zumuncin da shafin wasiƙu ke ƙullawa shi ma ya koma dandalin Animexx da tarukan shekara-shekara irin su AnimagiC da Connichi da baje kolin littattafai na Leipzig, inda ake haɗuwa ido da ido cikin shigar jaruman labarai. Gasa ta ƙaru kuma, musamman bayan Joachim Kaps, wanda ya jagoranci sashen labaran zane na Carlsen, ya bar kamfanin ya buɗe reshen Tokyopop na Jamus a Hamburg a 2004, yana fitar da labaran 'yan mata a littafi kai tsaye.

Ba Jamus kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka, mujallar Shojo Beat da aka kafa a 2005 ta rufe a 2009, shekara huɗu kacal. A Japan ɗin ma bugun mujallun 'yan mata ya yi ƙasa ƙwarai daga inda yake a shekarun 1990. Idan aka auna da wannan, shekara tara na Daisuki ba ƙaramin abu ba ne. A 2012 Carlsen ya dakatar da ita saboda raguwar masu saye, fitowarta ta ƙarshe kuma ta zo ne kafin tsakiyar shekarar. Labaran da ba su ƙare ba, irin su Skip Beat! da Vampire Knight da Maid-sama, aka ci gaba da fitar da su a littattafai. Manga kanta ba ta ja da baya ba. A 2014 baje kolin Leipzig ya ware mata taro na musamman mai suna Manga-Comic-Con, kuma a shagunan littattafai na Jamus da Ostiriya da Suwizalan kantocin labaran 'yan mata na Japan sun ci gaba da faɗaɗa, ana jera su daga hagu zuwa dama bisa lambobinsu, ana kuma buɗe kowanne daga dama.